Wace sandar goge bututun bindiga ce ba ta lanƙwashewa?

Assalamu alaikum. Jama'a, sandar goge bindiga ta ishe ni. Bindigar farauta ce mai harsashin .22, ramin bututun bai kai milimita 6 ba, dole sandar ta zama siririya.

Da ta alminiyam na fara, mai gaɓa uku da ake ɗaurawa. Da ƙyalle ya ɗan matse a ciki sai ta lanƙwashe, haƙoran mahaɗar suka cinye, yanzu kan buroshi rawa yake yi. Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne ƙarar gogar mahaɗar a jikin bututu, ga baƙin gari-gari da take bari a tsumma. Na koma ta tagulla, ita ma ta karkace, in na mirgina ta kan tebur tsalle take. Igiyar gogewa da ake ja ta cikin bututu kuwa ƙura kawai take kwashewa, ba ta taɓa daskararren datti.

Yanzu miƙaƙƙiya marar gaɓa nake so, mai mariƙi mai juyawa. Sai dai ta ƙarfe mai rufin roba, rufin yana ɓarewa ya riƙe yashi, ta kabon faiba (zaren kabon da aka daskarar, mai ƙarfi marar nauyi) kuma ba ta lanƙwashewa amma tana iya karyewa.

Ga siririn bututu irin wannan, tsakanin ta ƙarfe mai rufin roba da ta kabon faiba, wacce ta fi ƙarko ba tare da ta ci bakin bututu ba?