Wai da gaske tiyata na sa hantar da ta ƙandare ta sake tohowa?

Ummu_Hanan:
Salam 'yan uwa. Don Allah masu ilimin likitanci ku fahimtar da ni, ana ta cewa hanta ita ce in an yanke ta sai ta sake girma, to in haka ne me ya sa mai sirosis (wato ƙandarewar hanta) ba za a yanke wajen da ya lalace kawai ba sabo ya fito? Na ga ana cewa an gwada a jikin ɓeraye kuma ya yi aiki.

Dr_Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar girman gaskiya ce, tun 1931 wasu masu bincike, Higgins da Anderson, suka cire kashi biyu cikin uku na hantar ɓera, cikin kwana 7 zuwa 10 ta dawo kusan nauyinta na da. Amma fa ba ɓangaren da aka yanke ne ke tohowa ba, sauran da aka bari ne ke ƙara girma har ya cike gurbin. To a sirosis babu "wajen da ya lalace", tabo ne ya mamaye hantar gaba ɗaya, jini ma da ƙyar yake ratsawa, duk inda kika bari shi ma mara lafiya ne. Shi ya sa mai lafiyayyar hanta ana iya bar masa kashi 25 cikin ɗari ya rayu, mai sirosis kuwa sai a nemi wajen kashi 40.

Abba_K:
Likita to dabarar ɗaure jijiya fa? Malaminmu ya taɓo ta a aji amma a gurguje ya wuce.

Dr_Sadiq:
Yawwa Abba, wannan ita ce mai daɗin. Akwai babbar jijiya da ke kawo jini daga hanji zuwa hanta, in aka ɗaure reshenta guda sai gefen da aka hana jini ya motse, ɗaya gefen da jinin ya koma masa ya yi ta girma, masu bincike Rous da Larimore sun nuna haka a zomaye tun 1920. Daga baya aka zo da wata tiyata mai suna ALPPS daga Jamus, an wallafa a 2012, ita kuma a ɗaure jijiyar sannan a raba naman hantar gida biyu, girman ya fi sauri sosai amma hatsarinta ma ba wasa ba. Akwai kuma masu cire saifa a ɓeraye masu sirosis, matsin jinin da ke cikin jijiyar nan ya ragu, hantar ta fi saurin farfaɗowa.

Maryam_Lab:
Bari in ɗan sa baki. Sirosis ɗin ɓera mu muke haɗa shi, ana ba shi guba irin su CCl4 na wasu makonni har hantar ta yi tauri, kuma in aka daina ba shi gubar tabon kan fara bajewa da kansa. Mutum kuwa shekaru ya yi da hepatitis B ko giya, ga ruwa a ciki ga jini baya daskarewa da wuri, wallahi ba ɗaya ba ne. A mutane ana toshe jijiyar ne don a ƙara girman abin da za a bari kafin a cire ciwon daji daga hantar, ba don a warkar da sirosis ba.

Ummu_Hanan:
Allah ya saka da alheri. Kenan wanda tasa ta yi nisa sai dashe? Shi kuma wanda bai kai nan ba, in ya riƙe maganin hepatitis ɗin tabon zai iya raguwa kamar na ɓeran ko a'a?