Jirgin Sojoji Mai Saukar Ungulu Ƙasa-ƙasa a Kan Ƙauyukanmu: Tsaro Ne Ko Cutarwa?

Malamin Ƙauye: Assalamu alaikum 'yan guruf. Akwai maganar da ke cina a rai kwana biyun nan kuma ina so a tattauna tsakani da Allah. Ni dai na tsaya a kan cewa tirenin ɗin da ake yi da jirgi mai saukar ungulu ƙasa-ƙasa a kan gidajen mutanen ƙauye ba tare da an sanar da kowa ba cutarwa ce, duk sunan da za a sa mata. Ƙauyen da nake koyarwa can bayan Shika yake ta wajen Zariya, sati na uku kenan yana zuwa, ya zagaya fadama ya sauko kamar zai dira ya tsaya cak a iska sannan ya tashi ya sake zagayowa ta kan gidaje. Ranar Talata ina aji uku muna lissafi sai ga shi, wlh kwanon ajin rawa yake ƙura na zubo mana, kafin in ce ku zauna yara sun watse wasu ta taga suka fita. Wata 'yar ƙarama na samu a ƙarƙashin benci ta cusa yatsu a kunne tana ta karanta ƙulhuwallahu, ta jiƙa wandonta bata ma sani ba. Washegari kusan rabin ajin basu zo ba, iyayen suka ce sai an ga abin da hali ya yi.

Ɗan Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Malam kayi haƙuri amma ni ban yarda ba. Mu ne fa kullum muke kuka ba a turo jirgi, in an shiga ƙauye a Giwa ko hanyar Birnin Gwari abu na farko da kowa ke rubutawa shine ina jiragen suke. To yanzu ga jirgin ya zo kuma ya zama laifi? Ai mutanen ƙauyen nan kamata yayi suyi murna, ɓarayin daji na ganin jirgi na shawagi a yankin ba zasu tunkaro ba.

Tsohon Soja: Ɗana malam, na karanta kuma tausayin yarinyar nan ya kama ni, ina da jikoki. Amma bari in gaya muku dalilin da yasa ake tashi ƙasa, don ba wasa matuƙin yake ba kuma ba burga yake ba. Jirgi in yana can sama tun daga nesa ake ganinsa a ji shi a shirya masa. In ya bi ƙasa yana fakewa da itatuwa da tuddai sai ya zo kanka kafin ka ankara. Kuma ɗauko wanda aka ji wa rauni a daji, ko sauke dakaru a ɗan fili tsakanin bishiyoyi, ko tashi da dare da tabarau mai gani a duhu, duk sai hannu ya saba, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku tuna a watan Yulin 2021 'yan bindiga sun harbo jirgin yaƙi a Zamfara, Allah ne ya kuɓutar da matuƙin ya fito da lema. Mutanen da ake fama dasu kenan. Sannan Zariya garin soja ne tun ba yau ba, Daffo tun 1924 ake horar da kurata a ciki, makarantar yara sojoji tun 1954, ga barikin Basawa ga na Jaji a kusa. Iyayenmu sun zauna da ƙarar atisaye basu ƙaura ba.

Malamin Ƙauye: Baba Allah ya ƙara girma, ban musa ko ɗaya ba. Ban ce kar a koya ba. Amma iyayenmu da suka zauna da ƙarar atisaye basu ga Tudun Biri ba. Ranar 3 ga Disambar 2023 mutane na mauludi a ƙauyensu a Igabi, nan kusa damu fa ba wata ƙasa ba, jirgi maras matuƙi ya sakar musu bom, hukumar agajin gaggawa da kanta tace mutum 85 aka binne kuma sojoji sun amsa kuskure ne. Yaran nan sun ji labarin a bakin iyayensu, wasu sun ga hotunan a waya. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ɗan ƙauye baya bambance jirgin koyo da na aiki, shi dai abu ne na soja a saman kansa.

Hajiya Mai Kaji: Ku bari in sa baki don ni abin ya taɓa aljihuna. Ina da ɗan gidan kaji masu ƙwai a bayan gari ta wannan yankin. Duk mai kiwo ya sani kaza in ta firgita lungu ɗaya suke rugawa su haye kan juna, na ƙasa numfashi ya gagare su. Ranar da ya wuto ta kan rumfar yaron da ke kula dasu ya kira ni yana kuka, kafin ya gama janye su guda goma sha ɗaya sun mutu a kusurwa, jikinsu da ɗumi ko yanka bai samu yayi ba. Kaji ne da suka fara ƙwai, na ci bashin abincinsu wata biyar ina jiran su fara mayar min. Sauran kuma kwana huɗu ƙwan ya ja baya. To wa zan kai wa ƙara? Ban san daga ina jirgin yake ba, ban san ofishin da zan je ba, ko na sani wace ce ni da zan tsaya a ƙofar bariki da matattun kaji a buhu.

Ɗan Tudun Wada: Allah ya mayar da alheri Hajiya, amma kaji sha ɗaya da ran mutum ɗaya wanne yafi? In jirgin nan ya hana a sace mutum ko guda ai an ci riba.

Hajiya Mai Kaji: Ƙanena ba wanda ya haɗa kaza da ran mutum. Da an ce min ranar kaza jirgi zai wuce da na sauke labulen buhu na sa yaro ya tsaya a ciki yana musu magana, da ba wadda ta mutu kuma jirgin yayi aikinsa. Ina aka ce sai kajina sun mutu sannan mutum zai tsira?

Na Kofar Doka: Ni fa duk kun bar asalin magana. Kun tabbata ma tirenin ne? Mutane da yawa na cewa jiragen nan makamai suke sauke wa ɓarayi a daji, in ba haka ba me yasa gwamnatin Buhari ta hana jirage tashi a sararin Zamfara a Maris ɗin 2021?

Admin: Na Kofar Doka dan Allah a tsaya nan. Haramcin Zamfara an yi shi gaskiya ne, amma ɗora wa wannan jirgin zargin kai makamai ba da hujja ba bazamu ɗauka a guruf ɗin nan ba. Wanda ya gani da idonsa shine malam kuma abin da ya faɗa zagaye ne da sauka da tashi a fadama da rana tsaka kowa na kallo.

Malamin Ƙauye: Hakane admin, ba harbi ba sauke kaya. Amma ku lura da abin da ya faru yanzun nan, maganar da Na Kofar Doka yayi ita ce wadda ake yi a majalisar ƙauyen bayan isha'i. Inda ba a yi wa mutane bayani ba zasu ƙirƙiro nasu, kuma nasun yafi muni. Soja na buƙatar ɗan ƙauye ya yarda dashi ya kawo masa labari, to wanda yake zarginka da kai wa ɓarawo bindiga zai kawo maka labari?

'Yar Palladan: Ni a gindin kwalejin koyon tuƙin jirgin sama na tashi, tun 1964 take nan, ƙananan jiragen ɗalibai kullum suna zagaye a kanmu har bama ɗaga kai. Shiyasa da farko nace malam ya cika abin. Sai da naje suna ƙauyen su kakata na ji helikwafta ta wuce ƙasa, kai ba ɗaya bane, wannan a ƙirji kake jinta. Kuma iskar farfelar ƙasa take dannawa, barkonon da aka shanya a kan tabarma da kauɗar tumatir duk ta kwashe ta watsa cikin ƙasa, tsohuwa tana bi tana tsinta ɗaya-ɗaya. A ƙa'idar jiragen farar hula ta duniya ba a sauka ƙasa da ƙafa 1000 a kan gari mai cunkoso, a fili kuma ƙafa 500, wajen mita 150 kenan, sai dai wurin tashi da sauka. Amma yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ƙa'idar take ƙarƙashinta, bata hau kan jiragen soja ba, su dokarsu ta cikin gida ce. Kenan bazamu ce sun karya waccan ƙa'idar ba, amma ai dalilin da yasa aka sa ta yana nan, kunnen mutum da rufin ɗakinsa basu san wannan na soja bane wannan na fasinja.

Ɗan Samaru: Wai har ance wata mata tayi ɓari saboda ƙarar, gaskiya ne?

Nas Ɗin Guruf: Dan Allah kar mu yaɗa wannan. Ɓari dalilansa da yawa kuma ba wanda ya duba matar cikinmu. Abin da zan iya tsayawa a kai shine firgita na sa zuciya bugu da sauri jini ya hau na ɗan lokaci, kuma rashin barci in ya yawaita yana wahalar da mai hawan jini da tsofaffi. Yaro kuma in ya tsorata sosai yakan koma fitsarin kwance ko firgita cikin barci. Abin da nafi tsoro ma shine gudun, mai ciki ko tsohuwa ta zabura cikin duhu ta faɗi. Wannan kaɗai ya isa a yi magana ba sai an ƙara gishiri ba.

Tsohon Soja: To naji duka. Amma maganar sanarwa akwai matsala, ƙauyukan nan cike suke da infoma, kana faɗa wa mai unguwa da safe kafin azahar labari ya isa daji. Soja baya tallan motsinsa.

Malamin Ƙauye: Baba anan ne muka rabu. In farmaki za a kai ba mai hankalin da zai ce a sanar, ko da tsakar dare ya wuce ta kan ɗakina addu'a zan bi shi da ita. Amma koyo ne, a fadama ɗaya, sati uku a jere, infoman ai ya riga ya gani da idonsa tun ranar farko. Wanda bai sani ba shine uwar da ta goya ɗa ta ruga cikin dawa. Ba sai an faɗi awa ba, a ce wa hakimi cikin satin nan za a ga jirgi atisaye ne kowa ya kwantar da hankali, hakimi ya gaya wa dagatai, liman ya faɗa bayan sallar Juma'a, ko a sa a rediyo. Sisi bazai ci ba. Sannan a kauce wa saman makaranta da tsakiyar gari, fili a yankin nan ba kaɗan ba.

'Yar Palladan: A Ingila ma haka suke, ma'aikatar tsaronsu na fitar da jadawalin wuraren da za a yi atisaye ƙasa sosai, akwai inda ake kai koke, kuma in an tabbatar an yi wa manomi ɓarna ana biya.

Ɗan Tudun Wada: Ingila ba ɓarayin daji. Ni har yanzu ina ganin in muka fara kai ƙorafi cewa za a yi mutanen yankin basa son sojoji, a janye jirgin, ranar da abu ya faru mu ne zamu dawo nan muna kuka. Wannan tsoron nake ji wlh ba wai bana tausayin yaran ba.

Tsohon Soja: Tsoronka na kan hanya, shiyasa yadda za a faɗi maganar yake da muhimmanci. Malam, sanarwa ta rediyo ban yarda ba har gobe. Amma ta bakin hakimi, da maganar kauce wa makaranta, wannan zan iya sa hannu. Kar ku rubuta da zafi, kar ku sa a Facebook tukuna. Ku fara da godiya, ku rubuta ranakun da ya zo da lokacin da inda ya bi, Hajiya ki haɗa da hoton kajin in kin ɗauka, a bi ta hannun dagaci zuwa hakimi shi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Hajiya Mai Kaji: Na ɗauka Baba, suna wayar yaron. Ni ba biya nake nema ba a gaya min ranar kawai.

Malamin Ƙauye: Ranakun suna cikin rajistar aji don duk ranar da ya zo yara na raguwa washegari. Zan rubuta daren nan in turo maka ka duba Baba kafin in kai wa hedimasta. Gobe da sassafe kuma zan biya gidan su yarinyar nan, tun ranar Talatar bata dawo makaranta ba.