Mathcad 15 ya ƙi ba ni zurfin ruwa idan na sa ma'auni a lissafin Manning

Salam injiniyoyi. Ina zanen magudanar ruwa ta kankare mai kusurwa huɗu a Gombe, kwana biyu ke nan na maƙale a wuri ɗaya. Faɗinta b = 1.2 m, ruwan da za ta ɗauka Q = 0.9 m³/s, gangara S = 0.005, lambar kaushin kankare n = 0.015. Zurfin ruwa y nake nema.

A manhajar lissafi ta Mathcad 15, na ba y hasashen farko na 0.5 m, na rubuta umarnin Given, na sa lissafin Manning na yawan ruwan da ke gudana a magudana, Q = (1/n)·A·R^(2/3)·√S (A shi ne b·y, R kuma A a raba da tsawon gefen da ruwa ke taɓawa), sannan y := Find(y). Nan take ya yi ja, ya ce ma'aunan ɓangarorin biyu ba su dace ba. Da na duba, hagu m³/s ne, dama kuwa m^(8/3).

Da na cire ma'aunan duka, ya ba ni kusan 0.41, daidai da abin da na samu da hannu. Amma lamba ce tsirara, ta ɓata min lissafin saurin ruwa da ke ƙasa, kuma oga ba ya karɓar aiki babu ma'auni. Na gwada umarnin solve, sai ya ɗauki m da s tamkar abubuwan da ba a sani ba.

Yaya zan rubuta lissafin don y ya fito da mita, in ci gaba da amfani da shi a ƙasa? Na gode.