Wa ya taɓa tsayawa a shingen 'yan tawayen arewacin Mali?

Ɗan Birnin Ƙonni: Assalamu alaikum. Kullum a rediyo sai a ce "'yan tawayen Abzinawa", kamar bakinsu ɗaya. Alhali ƙungiyoyinsu da yawa: MNLA mai neman ɓalle arewacin Mali daban, HCUA ta Abzinawan Kidal daban, MAA ta Larabawa daban, kafin su haɗu a ƙawancen CMA a 2014. Tun ƙarshen 2024 kuma sunan FLA ake ji, wato sabuwar ƙungiyar da suka dunƙule a cikinta. Wanda ya yi zama ko fatauci a can ya ba mu abin da idonsa ya gani.

Mai shago a Gao a da: Wa alaikumus salam. Ina cikin Gao ranar 31 ga Maris 2012 da garin ya faɗi. Motocin MNLA da tutarsu ake gane su, kore da ja da baƙi, da rawaya a gefe. Kafin kwana biyu an fasa bankuna da rumbunan abinci, har asibiti ba a bari ba. Shagona ƙofar ƙarfe ce, igiya suka ɗaura mata suka ja da mota. Atamfa, takalman roba, batir, ko tsinke ba su bar mini ba. Ban san wa ya aiko su ba, amma tutar na gani. Su kuwa 'yan MUJAO, ƙungiyar masu iƙirarin jihadi, lambar waya suka raba, wai a kira su in an ga ɓarawo. Da haka suka saye zuciyar talakawa, har suka kori MNLA daga garin a ƙarshen Yuni. Murnar ba ta daɗe ba aka fara yanke hannuwa a dandalin gari. Ranar da na ga haka na nemi motar Ayoru a Nijar.

Uwar gida daga Abala a Nijar: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amma don Allah kar a yi wa mutane kuɗin goro. Matan da suka iso mana daga wajen Menaka a 2012 Abzinawa ne su ma, ƙafa duk ta tsage, wata da jariri a goye da akuya ɗaya tal. Gero na auna mata, ta cire zoben azurfa za ta ba ni, na ƙi karɓa. A 2022 wasu suka sake kwararowa, wannan karon 'yan IS masu iƙirarin jihadi suka koro su.

Mai shago a Gao a da: Gaskiyarki Hajiya. Maƙwabcina Ba'abzine ne, shi ya ɓoye mini 'yan kuɗina.

Tsohon direba: Haɗin ƙungiyoyin a CMA ma na dole ne. A Fabrairun 2013 MAA da MNLA sun gwabza a In Khalil, bakin iyakar Aljeriya, Larabawa na cewa an washe musu shaguna. Daga baya MAA ta rabe biyu, rabi na CMA, rabi na tare da gwamnatin Bamako. Mu direbobi mu muka sha wahalar, domin takardar da ka biya a wannan shinge, shinge na gaba bai san da ita ba. Ka sauko, ka gaida mai rawani, ka sake zaro jikka.

Ɗan Agadas: Baba direba, abokin cinikina na Kidal ya bar garin a Nuwamban 2023 da sojan Mali da 'yan Wagner, sojojin hayar Rasha, suka shiga. Kira na ƙarshe daga Tinzawatan, kan iyakar Mali da Aljeriya, ya yi mini. In akwai mai bin hanyar Tamanrasat ta Aljeriya a nan, ya taimaka ya yi mini magana, akwai ragowar kuɗinsa a hannuna.