Ɗan riƙo ya rasa yatsu a shagon kawunsa: akwai diyya ko babu?

Alhaji Mai Katako: Jama'a, ni dai ina kan bakana. Yaron da kake riƙo, ɗan ƙanwarka, in injin tsaga katako ya raba shi da yatsu, ba ruwan hukuma. Harkar gida ce. Ka kai shi asibiti, ka ci gaba da riƙonsa, shi ke nan.

Lauyan Zaure: Alhaji, da girmanka, wannan ya fi kama da tsohuwar dokar diyyar ma'aikata ta Najeriya ta 1987, wadda ta cire ɗan uwan maigida da ke zaune a gidansa daga masu samun diyya. Ta 2010 ta maye gurbinta. A yanzu duk wanda ke yi maka aiki ma'aikaci ne, ko da baki kuka yi yarjejeniya, ko sana'a yake koyo, ko ɗan wucin gadi ne. Ɗan uwan da ta ware shi ne mai hidimar cikin gida. Shago kuwa ba cikin gida ba ne.

Hajiya Babba: To lauya, so kake yaro ya kai ƙarar kawunsa? Uwarsa da wane ido za ta kalli yayanta?

Lauyan Zaure: Hajiya, ba ƙara ba ce. NSITF, hukumar gwamnati mai kula da asusun diyyar ma'aikata, ita ce ke biya daga asusun da masu ɗaukar ma'aikata ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya. Yaron ya sanar da maigida cikin kwana 14, shi kuma ya kai wa NSITF rahoto cikin kwana 7. Aljihun kawu ma aka rufa wa asiri.

Alhaji Mai Katako: Kashi 1 na wane albashi? Kuɗin abinci da na aski muke ba su.

Ɗan Walda: Yauwa, nan gizo ke saƙar! Shekaru muka yi muna wa dangi aiki, in ka ta da maganar albashi a ce ba ka da kunya. Ranar da ƙarfe ya faɗo maka kuma a ce ƙaddara ce. Ba na musun ƙaddara, amma da baƙo ne ai da an zauna an yi lissafi.

Hajiya Babba: Baƙo ana sallamarsa. Ɗan gida har aure ake masa, a buɗe masa shago.

Ɗan Walda: Wanda aka yi wa, Hajiya. Mai yatsu uku wane shago zai riƙe?

Lauyan Zaure: Alhaji, tsakani da Allah, shagonka na da rajista da NSITF?

Alhaji Mai Katako: An kira la'asar. Ma ci gaba.