Kumburin muƙamuƙin yaro, likita na zargin daji

Maman biyu: Salam 'yan uwa don Allah shawara nake nema. Ɗan yayata ne shekararsa 6, muƙamuƙinsa na dama ya kumbura, da farko mun ɗauka hangum ne sai muka ga kullum ƙaruwa yake, haƙoran wajen har girgiɗi suke kuma shi ko kukan ciwo bai cika yi ba. Likita ya ce mu je babban asibiti a ɗebi tsoka a gwada wai yana zargin wani daji mai suna Burkitt. Kakarsa kuma ta kafe a kai shi gun wanzami a yi sakiya, wai daji ba ya son allura. Dama yara na yin ciwon daji haka?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Suna yi sosai Maman biyu, a ƙasashe masu zafi irin namu inda maleriya ta yi katutu yana cikin dajin da aka fi gani a yara, musamman 'yan shekara 4 zuwa 7, kuma maza sun fi mata kamuwa kusan ninki biyu. Wani likita Denis Burkitt ne ya bayyana shi a Uganda a 1958, da aka bi inda ciwon yake sai aka ga yankunan zazzaɓin cizon sauro ne, har can Papua New Guinea. Akwai ƙwayar cutar Epstein-Barr da kusan kowa ke ɗauka tun yana ƙarami ba ta yi masa komai, to idan maleriya ta yi ta kama yaro tana gajiyar da garkuwar jikinsa shi ne ƙwayar take samun kafa. Don Allah kar a tsaga shi, babu mugunya a ciki. Ƙwayoyinsa cikin kwana ɗaya zuwa biyu suke ninkawa, gobe da sassafe ku tafi.

Baban Abba: To kenan duk yaron da ke yawan zazzaɓi zai yi? Hankalina ya tashi wlh

Anti Nas: A'a Malam, a yara dubu ɗari ƙalilan ne ke kamuwa a shekara. Ku dai riƙe gidan sauro da maganin da ake rabawa yara da damina. Wani kuma a ciki yake fitowa, ka ga tumbi na girma yaro na ramewa.

Hajiya Babba: 'Yata ku lallaɓa tsohuwar kar a yi mata gardama, ku ce ta ci gaba da addu'a da tofi ku kuma ku yi asibiti. Jikan maƙwabciyata an yi masa allurar kemo ta maganin daji, zagayen farko kumburin ya sace, sai suka ga ya warke ga kuɗi ya ƙare suka daina zuwa, abin ya dawo. In an fara a kai ƙarshe, tun yanzu dangi su fara haɗa gudummawa.

Maman biyu: Na gode Allah ya saka. Na karanta wa yayata, za mu kira kawu ya yi wa kakar magana da daddare. Anti Nas sai da azumi ake zuwa gwajin ko zai iya karyawa?