Zan ɗauki buhu 40 na dankalin turawa, in kai gwajin sitaci ko in saya kawai?

Mai suya, Aboabo: Salamu alaikum. Ina soya dankali ina ɗaurawa a leda ina kai wa shaguna. Kayan wancan watan ya sha mai, ya fito laɓo-laɓo. Yanzu an yi mini tayin buhu 40 daga Burkina. In kai samfuri KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, a auna sitacinsa? Nawa ake biya?

Hajiya, Asawase: Ɗana, ka nemi na Holan ka huta.

Mai suya: Hajiya, na Burkina ne a gabana.

Ɗalibi: Yaya, ba sai ka je lab ba. Wanke kilo 5, ka auna a sikeli, ka sake aunawa kwandon na nutse cikin ruwa. In ya kai giram 370 a ruwa, nauyinsa ya kai ninki 1.080 na nauyin ruwa mai girmansa ke nan, zai soyu ƙarau. A lab kuwa busarwa suke yi a digiri 105, ko su narka sitacin da asid su karanta a polarimita, na'urar da ke awo da haske.

Baba, Alabar: Ni na kai nawa wani ɗakin gwaji, ban faɗi suna ba. Sidi 600. Sati uku ina sintiri, yau injin ya lalace, gobe mai sa hannu ya tafi jana'iza. Ranar da takardar ta fito dankalin ya yi tsiro kamar gemuna, ƙasan buhu na ɗigar ruwa. Takarda ta ce sitaci lafiya lau. Na jefa a mai, ya fito baƙi ƙirin! Ashe a ɗakin sanyi ya kwana biyu, sitacin ya fara komawa sukari. Ba wanda ya ce mini a auna sukari.

Direba: 600? Ƙanina 200 ya biya.

Baba: Wace shekara?

Hajiya: Shekara 25 ina kasuwar Kejetia, farce nake sawa in gane. Yaro da bokiti zai koya mana?

Ɗalibi: Hajiya, farce ba ya ba da lamba.

Tela: Ku ɗiga masa aidin, in bai warke ba a kai shi asibiti 😂

Ɗalibi: Aidin shuɗi kawai zai nuna, ba ya faɗin yawa.

Direba: Ku bar batun sitaci. Buhun ma fa? Manya a baki, tsakiya duk ƙanana da ruɓaɓɓu.

Hajiya: Wallahi! Jiya na zazzage ɗaya, ƙasa kaɗai ta cika olonka, gwangwanin awo.

Mai suya: To, in kai ko kar in kai? Motar jibi za ta iso.